Janar Miyazaki, Mutumin da Ke Bayan Sunayen Barikokinmu



Duk wanda ya taɓa zama a Kaduna ya san barikin Dalet da ke Kawo, ya kuma san Kalapanzin. Wanda ya yi zaman Ikko ya san An da Myohaung a Yaba, da Tamandu a Apapa, balle barikin Dodan na Ikoyi, inda shugabannin soja suka riƙa juya Nijeriya tun daga 1966 har zuwa Disambar 1991 da Babangida ya tattara ya koma Abuja. Na sha jin Bahaushe yana fassara sunan nan da cewa wai dodon bariki ake nufi, kuma in aka dubi wasu daga cikin masu gidan da suka zauna a ciki, ba za a ga laifinsa ba. To amma Dodan ba Hausa ba ce. Duk sunayen nan, har da Letmauk na Ibadan, sunayen garuruwa ne da rafuka da mashigan duwatsu a gaɓar tekun ƙasar Bama, a yankin Arakan da yau ake kira Rakhine. In ka bi su a kan taswira daga arewa zuwa kudu, za ka ga hanya ɗaya ce suka shata: hanyar da wata rundunar Japan ta bi tana ja da baya tsakanin Disambar 1944 da Afrilun 1945, sojojin Afirka ta Yamma suna biye da ita. Mai jagorantar wannan runduna shi ne Laftanar Janar Miyazaki Shigesaburo.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa mai gabatar da shirin Hausa a rediyo a nan Abijan da wani janar na Japan? Abin da ya haɗa mu shi ne inuwar babban masallacin Treichville bayan an sauko daga Juma'a. Hausawan da ke zama a wurin ba daga gida ɗaya suka fito ba. Akwai na Maraɗi da Damagaram, akwai na Kano da Sakkwato, akwai waɗanda aka haifa a zangon Kumasi kasuwanci ya kawo su Adjamé. In hira ta gangaro kan Yaƙin Duniya na Biyu, na Nijar sai su ɗauko labarin sojan Faransa da abin da aka yi wa tsofaffin soja a Thiaroye ranar 1 ga Disambar 1944. Na Nijeriya da Gana kuwa Bama ce a bakinsu. Akwai ma 'yan arewacin ƙasar nan da labarin ya shafa, domin daga 1932 zuwa 1947 wani babban ɓangare na ƙasar Mosi yana haɗe da Kwaddibuwa, kuma samari da yawa sun tsere wa aikin tilas na Faransa suka tsallaka Gwalkwas, wasunsu suka ƙare a rigar sojan Ingila, inda Hausa ce harshen bariki. Wani dattijo mai sayar da goro, wanda mahaifinsa ya dawo daga Bama yana ɗingishi, ya taɓa ce mini: “Ɗana, Hitila mun san shi, yara ma sun san sunansa. Amma su wane ne suka harbi babana?” A duk labaran da na taso ina ji, abokin gaba ba shi da suna. Japan ne kawai, kamar a ce aljanin kurmi.

An haifi Miyazaki ranar 4 ga Janairun 1892 a lardin Gifu da ke tsakiyar Japan. Ya fito daga makarantar horar da hafsoshi a 1914, ya gama babbar kwalejin yaƙi a 1924. Shekarunsa na tsakiya ya yi su ne a aikin leƙen asiri da harkokin ƙasar Sin, har da zama a birnin Harbin na Manchuriya. Gajeren mutum ne, ba mai yawan hayaniya ba, kuma ba ya cikin 'yan gaban goshin hedikwata a Tokyo.

Sunansa ya fara fitowa a 1939, a yaƙin Nomonhan, kan iyakar Manchuriya da Mongoliya, inda sojojin Rasha ƙarƙashin Zhukov suka ragargaza runduna ta 23 ta Japan a watan Agusta. Miyazaki yana kanar a lokacin, yana riƙe da rejimanti ta 16. An kawo shi a makare, a farkon Satumba, ya kai hari da dare ya ƙwace wasu tuddai, ya riƙe su har aka tsagaita wuta a tsakiyar watan. Abin da Japanawa suka fi tunawa shi ne dabarar da ya yi bayan nan. Ya nemo masu sassaƙar dutse a cikin sojojinsa, ya sa suka rubuta sunan ƙungiyarsu da kwanan wata a kan duwatsu aka binne a iyakar inda suka kai. Da aka zo zaman shata iyaka, duwatsun nan suka zama shaida. A riƙe wannan, domin hali ne da ya bi shi har ƙarshe: mutum ne mai son a rubuta, a ajiye.

A 1943 aka tura shi Bama a matsayin Manjo Janar, shugaban sojan ƙasa na runduna ta 31, ƙarƙashin Laftanar Janar Sato Kotoku. A bisansu duka akwai Mutaguchi Renya, kwamandan babbar runduna ta 15, mutumin da ya ƙudurta sai ya shiga Indiya. Tsarin Mutaguchi shi ne ya tura runduna 3, mutum kimanin 85,000, su tsallaka kogin Chindwin su haura duwatsu su kama Imphal da Kohima, da guzurin da bai wuce na mako 3 ba. Sauran abinci, a cewarsa, za a ƙwato daga rumbunan Ingila. Ya kuma sa aka koro shanu da awaki a bayan soja, wai su ɗauki kaya, in an ji yunwa a yanka. Ko Bafulatanin da bai taɓa riƙe bindiga ba zai gaya masa cewa saniyar fadama ba ta hawa tsauni. Da yawansu a kogi suka halaka, saura a kan duwatsu.

A tsakiyar Maris 1944 aka tsallaka. Miyazaki yana jan rejimanti ta 58 a ɓangaren hagu. A ƙauyen Sangshak ya ci karo da birged ta 50 ta sojan laima na Indiya, kuma ko da yake wurin ba ya cikin aikin da aka ba shi, ya tsaya ya yi ta gwabzawa da su daga 22 zuwa 26 ga Maris har suka janye. Ya samu makamai da abinci, amma ya yi asarar mutane da kwanakin da ba su dawowa. Har yau masana suna gardama a kan wannan tsayawa. Ni dai a ganina a nan ya yi wa Ingila alheri ba da saninsa ba, domin kwanakin nan ne suka ba su damar cusa sojoji a Kohima kafin ya iso a farkon Afrilu. Abin da ya biyo baya sananne ne: mako 2 ana kewaye da 'yan tsirarun sojan Ingila da Indiya a kan tudu, har ta kai filin wasan tanis na gidan jami'in mulkin yankin, kamar a ce Di'o a wurinmu, shi ne kaɗai ya raba ramukan ɓangarorin biyu, ana jifan juna da gurneti. Ranar 18 ga Afrilu agaji ya iso wa waɗanda aka kewaye. Daga nan reshe ya juya da mujiya.

Ana ba da labarin cewa a duk wannan bala'i yana yawo cikin ramukan sojojinsa da wani ɗan biri a kafaɗa, mai suna Chibi.

Zuwa ƙarshen Mayu, runduna ta 31 ba ta samu ko buhun shinkafa na kirki daga baya ba. Damina ta sauka, atuni da zazzaɓi suka shiga. Sato ya yi ta aika wa Mutaguchi saƙo, amsa ɗaya ake ba shi, a ci gaba. Sai ya yi abin da ba a saba gani ba a sojan Japan: ya ƙi bin umarni, ya janye rundunarsa. Aka bar Miyazaki da mutum kimanin 600 ya tare hanyar Kohima zuwa Imphal, a gabansa kuwa runduna guda ce ta Ingila da tankoki da igwa. Ya riƙa karya gada, ya tsaya a wannan lanƙwasa yau, gobe ya koma ta gaba, har kusan mako 3. Sai ranar 22 ga Yuni sojojin Ingila da na Indiya suka haɗu a mil na 109 hanya ta buɗe.

Komawar da aka yi zuwa Chindwin ita ce Japanawa suke kira Hanyar Fararen Ƙasusuwa. Mutum sama da 50,000 suka mutu ko suka jikkata a wannan kamfe, akasarinsu yunwa da cuta ne suka ci su. Sojoji suna zube a gefen hanya, wasu suna roƙon a ba su gurneti su huta. A nan ne Miyazaki ya kafa wa mutanensa doka: ba a barin mai rauni, ko na wace ƙungiya ne, wanda aka tarar ya mutu a binne shi, a rubuta sunansa da ƙungiyarsa. Waɗanda suka tsira sun ba da shaidar cewa shi da kansa ya kama gadon ɗaukar majinyata, ya kuma raba nasa abincin. Mutaguchi kuwa, bayan an tuɓe kwamandojin rundunoninsa duka 3, shi ma aka ɗauke shi a watan Agusta ya koma Japan, ya rayu har 1966 yana kare kansa.

A ƙarshen wannan Agusta aka ba Miyazaki, wanda ya riga ya zama Laftanar Janar, runduna ta 54 a Arakan. A nan hanyarsa ta gamu da ta kakanninmu.

Mutanenmu sun riga shi zuwa. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda aka haɗa a Nijeriya a 1943 da bataliyoyin Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, ta shiga kwarin kogin Kaladan tun farkon 1944. Da gatari da adda suka sare hanyar jif mai tsawon mil kusan 75 a cikin kurmi. Abincinsu daga sama jirgi yake jeho shi, kuma su ne babbar ƙungiya ta farko da aka ciyar gaba ɗaya ta wannan hanya. Inda mota da alfadari suka gaza, dubban 'yan dako ne suke ɗaukar harsashi da sassan igwa a ka, galibinsu ba su da ko bindiga. Abin da ya sa Ingila ta kawo su ke nan, kuma abin da ya sa ake tura su inda ba kowa ke iya shiga ba. Wata birged ta Nijeriya kuma an ware ta aka haɗa da sojojin Wingate da aka sauke a bayan abokan gaba, daga nan barikin Chindit na Zariya ya samo suna. A gida, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta Abubakar Imam tana kawo labarin fagen fama, kuma a 1944 sabon Sarkin Katsina Usman Nagogo ya je har Indiya da Bama ya gaisa da sojoji.

Aikin da aka ɗora wa Miyazaki mai sauƙin faɗi ne. Tsakanin gaɓar Arakan da kwarin Irrawaddy, inda ake babban yaƙin, akwai jerin duwatsu, kuma mashigi 2 ne kawai na kirki: An da Taungup. In sojojin Janar Christison suka ratsa ta ɗayansu, sun faɗo wa babbar rundunar Japan ta baya. Ba a ce ya ci yaƙi ba, an ce ya ɓata musu lokaci. Ba shi da jirgin sama, ba shi da na ruwa, abokan gabansa kuwa suna da duka biyun.

Ranar 15 ga Disambar 1944 runduna ta 82, mai birged 2 na Nijeriya da 1 ta Gwalkwas, ta kama Buthidaung a bakin kogin Kalapanzin. Ta gangara ta haɗu da ta 81, suka shiga Myohaung, tsohon birnin sarakunan Arakan, ranar 25 ga Janairun 1945. Sojan Gana har yau suna bikin tunawa da wannan nasara a watan Janairu. Amma mutanen Miyazaki sun zame kafin a rufe tarkon. Christison ya sauke kwamandojin ruwa a Kangaw ranar 22 ga Janairu don ya datse musu hanya ta kudu, Miyazaki ya jefa duk abin da ke hannunsa a kansu, aka yi mummunan faɗa a kan wani ɗan tudu da ake kira 170 ranar 31 ga wata. Bai ƙwace tudun ba, ya kuma yi asarar ɗaruruwa. Sai dai lokacin da 'yan Nijeriya suka iso daga arewa, akasarin mutanensa sun bi ta duwatsu sun fice, ko da yake sun bar manyan makamai da yawa.

Daga nan aka shiga ƙasar sunayen barikokinmu. Manjo Janar Hugh Stockwell, wanda ya karɓi runduna ta 82 a Janairu, ya tura ta ta rafin Dalet da Tamandu da Letmauk don a kewaye An. Ƙasa ce ta gora mai kauri da tuddai masu kaifi kamar bayan wuƙa, inda mutum zai yi yini bai ci mil 3 ba. Miyazaki ya bar su suka miƙe a kan siririyar hanya, sannan a watan Maris ya faɗo wa birged ta Gwalkwas da ke gaba, ya kafa igwa a kan tuddai, ya tare bayanta. Da ƙyar aka fito da ita, 'yan dako suna ɗauke da masu rauni a ka. A daidai wannan lokaci kuma aka janye jiragen da ke jeho musu abinci aka mayar wa Janar Slim, wanda ke fafatawa a Meiktila da Mandalay. Mashigin An bai faɗi da ƙarfin bindiga ba. Miyazaki ya riƙe shi har sai da yaƙin tsakiyar ƙasa ya lalace aka umarce shi ya janye a watan Afrilu, kuma sai ƙarshen watan 'yan Nijeriya suka shiga Taungup. Runduna ta 82 ta yi asarar mutum sama da 2,000 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace, fiye da kowace runduna a ƙarƙashin Christison.

To, ga amsar dattijon nan mai goro, in mahaifinsa a can ya samu rauninsa. Kuma a nan ne alƙalamina yake yin nauyi. A Japan ana kiran Miyazaki janar mai tausayi, ana jera shi a gefe guda, Mutaguchi a ɗaya gefen, kamar fari da baƙi. Ban musa ba. Shugaban da zai kama gadon kurtu a cikin taɓo ya cancanci a faɗa, musamman a rundunar da mari da duka suka zama abincin ƙaramin soja. Amma tausayin nan a kan nasa ya tsaya, kuma ƙwarewar da ake yabo ita ce ta hana ɗaruruwan samarin Kano da Bauci da Tamale komawa gida. Rigar da ya sa kuma ita ce ta sojan da suka yi ta'asar Nanjing a 1937, suka gina layin dogon Bama da Tailan a kan gawar fursunoni sama da 12,000 da leburorin Asiya da suka ninka haka sau da yawa. Ba a gurfanar da shi kan laifin yaƙi ba, wannan gaskiya ne. Amma ya yi shekaru yana hidima a Sin da aka mamaye, kuma duk kwanan da ya ƙara a An, kwana ne da ya ƙara wa mamayar Bama. Ina iya girmama yadda ya riƙe amanar yaransa ba tare da na yi masa kuka ba.

Haka kuma ba zan yi wa ɗaya ɓangaren kwalliya ba. Ƙasar da ake faɗa a kanta ba ta Japan ba ce, ba ta Ingila ba ce, balle tamu. Manoman Arakan, Musulmi da mabiya Buda, su ne aka tattake wa gonaki, kuma gabar da yaƙin ya hura tsakaninsu tun 1942 tana cikin tushen abin da ya faɗa wa 'yan Rohingya a zamaninmu. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye sojojinmu 2 da aka raunata a Kaladan, Isaac Fadoyebo ɗan Nijeriya da David Kargbo ɗan Saliyo, wata da watanni a gidansa, alhali in an kama shi kashe shi za a yi. Ba bariki ko ɗaya da ke ɗauke da sunansa. Waɗanda suka dawo kuma sun tarar da sallamar da ba ta kai ta farin soja ba. A Ankara, ranar 28 ga Fabrairun 1948, tsofaffin soja suka yi jerin gwano don kai kuka gidan gwamna, ɗan sandan Ingila ya harbe 3 daga cikinsu, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Waɗanda ba su dawo ba, da yawansu sunayensu suna rubuce a bangon tunawa na maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, cikin sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. An rubuta, sai dai mu ne ba mu je mun karanta ba.

Ƙarshen rundunarsa ya fi na Kohima muni. A watan Mayu, bayan Rangun ta faɗi, ya tsallaka Irrawaddy a Kama ana yi masa ruwan wuta, ya shige duwatsun Pegu tare da ragowar babbar runduna ta 28 ta Janar Sakurai Shozo. Suka yi kusan wata 2 a cikin damina suna cin tohon gora, kwalara tana ɗibarsu. A ƙarshen Yuli suka yunƙura su ratsa ta tsakiyar sojan Ingila su tsallaka kogin Sittang zuwa gabas. Abin da ba su sani ba shi ne takardar tsarin tafiyar ta faɗa hannun abokan gaba tun farkon watan, an jera igwa ana jiransu a kowace mahaɗa. Waɗanda suka wuce hanyar mota suka faɗa fadamun shinkafa da ruwa ya kai ƙirji, waɗanda suka kai bakin kogi suka rungumi gora suka faɗa ambaliya. Kwana da kwanaki gawarwaki suna wucewa a kan ruwa. Dubbai suka halaka, saura makonni kaɗan Japan ta miƙa wuya ranar 15 ga Agusta.

Miyazaki ya tsallaka da ransa. Ya yi zaman fursuna a hannun Ingila a Bama, ya koma gida a 1947. Bai shiga siyasa ba, bai rubuta littafin wanke kansa ba. Ya buɗe ɗan shagon sayar da kwanukan tangaran a unguwar Shimokitazawa ta Tokyo, ya sa masa sunan lardinsu, Gifu-ya, yana zaune yana jiran masu saye. Ya rasu ranar 30 ga Agustan 1965 yana da shekara 73. Waɗanda suka je duba shi a asibiti sun ce a cikin magagin ciwo yana ta tambaya ko an tabbatar an tattaro ƙungiyoyin da suka rabu da runduna a wajen tsallaka Sittang.